Daga Alƙalamin Malam Zuwa Firintar Ofis

Kafin na'urar ɗab'i ta bayyana, malaman ƙasar Zamfara da hannu suke kwafar littattafai, kuma ko bayan da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ofisoshin Talata Mafara, Bakura da Maradun sun daɗe suna dogaro da tafireta. Da kwamfuta ta yaɗu bayan ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, sai aka soma jona firinta ɗaya, wato na'urar buga takardu, da kwamfutoci da dama, tsarin da ya rage kashe kuɗi amma ya sauƙaƙa leƙen takardun sirri, abin da ya wajabta kulle na'urar da kalmar sirri da taƙaita masu aika mata aiki.