Ƙudan Zuma da Matsalar da Ta Dami Darwin

Duk wanda ya taɓa kusantar amya ya san halin ƙudan zuma. Idan ma'aikaciya ta harbi mutum, ƙarinta yakan maƙale a fatarsa, ita kuwa ta mutu. Ban da haka, ba ta haihuwa. Sarauniya take yi wa bauta har ƙarshen ranta. Tarihin wannan matsala nake so mu bi yau.

A shekarar 1859 Charles Darwin ya buga littafinsa a kan asalin jinsunan halittu, inda ya ce hali yakan yaɗu ne idan mai shi ya rayu ya bar zuriya. To, wadda ba ta haihuwa, ta wace hanya za ta gadar da halinta? Darwin kansa ya yarda cewa da farko ya ɗauka wannan tambaya za ta rushe ra'ayinsa baki ɗaya. Amsar da ya bayar ita ce, a dubi dangi duka, kada a tsaya kan ƙwaro guda. Amma bai san yadda gado yake tafiya ba, don haka magana ta tsaya nan.

Sai a 1964 wani ɗalibi a Landan, William Hamilton, ya sa wa maganar lissafi. Ya nuna cewa ƙwayar gado mai sa sadaukarwa za ta yaɗu muddin amfanin da 'yan'uwa suka samu, in aka auna shi da kusancin jini, ya rinjayi hasarar mai sadaukarwar. Watau dai, naka sai naka. A wajen ƙudan zuma kuwa, namiji ba shi da uba, daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa. Saboda haka 'yan'uwa mata masu uba ɗaya sun yi tarayya a kashi 75 cikin 100 na gado, alhali uwa da 'yarta kashi 50 ne.

Bayan haka an gano wannan lissafi na kashi 75 bai isa shi kaɗai ba. Sarauniyar zuma takan sadu da maza da yawa, gara kuma tana da ma'aikata alhali mazanta suna da uba. Duk da haka ƙa'idar Hamilton ta zama ginshiƙin nazarin zaman taren dabbobi.

Abin lura ga ɗalibai shi ne, Darwin bai ɓoye raunin hujjarsa ba. Shi ya rubuta shi da hannunsa, har na baya suka san inda za su haƙa.