Katin Kankarewa: Tarihin Rabon da Ake Rubutawa a Maɗaba'a



Dalilin wannan rubutu shi ne wata ƙara da aka kawo zauren dattijonmu ana saura kwana tara ƙaramar Sallah. Wani tela ne ya shigo riƙe da hannun yaron shagonsa, ya ce ya ba shi kuɗin mutane ya je kasuwar Mokolo ya sayo zare da kayan aiki, yaro ya dawo da yamma hannu Rabbana. Da aka matsa masa sai ya zaro waya ya nuna wani wasa, wanda ake goga yatsa a kan gilashi kamar ana kankare kati, in alama uku sun dace an ci. Dattijo ya daɗe yana duban wayar, sa'an nan ya ce, "Yaro, abin da ke ƙarƙashin wannan da kake kankarewa, wane ne ya rubuta shi?" Yaro ya yi shiru, mu ma da ke riƙe da alƙalami muka yi shiru. Sai ya umarce mu da mu bincika mu rubuta wa jama'a. Ga abin da ya sawwaƙa.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu da suka biyo hanyar Ngaundare, Tibati da Yoko da fataucin hauren giwa da goro da shanu, har suka sauka kusa da sansanin da Jamusawa suka kafa a Yawunde a 1889, sun baro 'yan caca a gida suna watsa wuri a bayan kasuwa, kuma sun san sunan da ake kiran wanda ya zauna a wannan da'ira. Wannan unguwa tamu ta samo sunanta na Briqueterie daga wurin gasa tubali na zamanin Jamusawa, an kuma san ta da allura da almakashi, da tukubar tsire, da shagunan yadi. Dukiyarta ta gumi ce, shi ya sa abin da ke cin gumin nan ya cancanci a san asalinsa.

Tun kafin Musulunci Larabawa suna da wasan da suke kira maisir. Sukan yanka raƙumi, su zuba kibau 10 marasa tsini a cikin jakar fata. Bakwai suna da rabo, daga mai kashi 1 har zuwa mai kashi 7, uku kuwa wofi ne. Wani amintacce ya sa hannu ya riƙa zaro su da sunan kowane mutum, waɗanda suka tashi a tutar babu su ne ke ɗaukar asara. Hukuncin wannan wasa yana cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, kuma malamanmu sun wadatar da mu a kansa. Abin lura a nan shi ne, a wancan wasa kowa yana ganin jakar, kowa ya san adadin kiban, kowa yana kallon hannun mai zarowa.

Da Turawa suka mai da caca hanyar tara wa hukuma kuɗi, sai suka fito da tikiti mai lamba. Faransa ta kafa nata na ƙasa a 1933, aka ce don taimakon tsofaffin sojoji da manoman da bala'i ya faɗa wa. Amma tikiti yana da aibi guda a wurin masu sayar da shi: sai mutum ya jira mako ko wata kafin a fitar da lamba, kuma a cikin jiran nan zuciya takan huce, hankali ya komo.

Wasu Amurkawa biyu ne suka kawar da wannan jira. Na farko John Koza, wanda ya sami digirin digirgir a ilimin kwamfuta a Jami'ar Michigan a 1972, na biyu Daniel Bower, gwanin tallata kaya. Dukansu sun yi aiki a wani kamfani mai buga wa manyan kantuna katunan gasa don jawo masu saye. Da kamfanin ya karye sai suka kafa nasu mai suna Scientific Games a 1973, suka kai wa hukumar caca ta jihar Massachusetts shawarar katin da mutum zai saya ya kankare nan take ya ga sakamakonsa. A watan Mayun 1974 aka fara sayar da shi a kan dala 1 ta Amurka, babbar kyautar nan take dala 10,000. Mutane suka yi layi a bakin kantuna, sauran jihohi suka bi sahu. Faransa ta fito da Tac-O-Tac a 1984, Banco a 1990 da Millionnaire a 1991, Ingila kuma ta shigo a 1995. Har yau kamfanoni kaɗan ne ke buga mafi yawan katunan duniya, cikinsu akwai Scientific Games mai babbar maɗaba'a a Alpharetta ta jihar Georgia, da Pollard Banknote na birnin Winnipeg a Kanada.

To, yaya ake yin katin? A nan ne amsar tambayar dattijo take.

Kafin ɗigon tawada ya taɓa takarda, masu lissafi sukan zauna su tsara jadawalin kyaututtuka: kati nawa za a buga, nawa ne za su ci, kuma nawa kowanne zai ci. A yawancin irin waɗannan wasanni, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da za a tara ake warewa don kyauta. Bari mu buga misali da kuɗinmu. A ce za a buga kati miliyan 1, kowanne sefa 500, jimla sefa miliyan 500. In an ware kashi 65 don kyauta, miliyan 325 ke nan, miliyan 175 kuwa an riga an raba su tsakanin kamfani, dillalai da haraji tun ba a sayar da kati ko ɗaya ba. Ma'ana, duk sefa 500 da aka miƙa wa mai rumfa, 325 ce kawai za ta komo hannun jama'ar masu saye in an haɗa su gaba ɗaya. Wanda ya sayi katunan duka, har da mai babbar kyauta a ciki, asarar miliyan 175 zai yi.

Bayan jadawali sai kwamfuta ta warwatsa masu ci a tsakanin marasa ci, ta kulle bayanin yadda ko ma'aikacin da ke tsaye a kan inji bai san wane kati ke ɗauke da me ba. Daga nan a ɗora naɗin takarda mai kauri a kan injin da tsawonsa ya fi na masallatan unguwa da yawa, takarda ta riƙa ratsa tasha bayan tasha. Da farko a shafa baƙin rufi domin kada a haska fitila ta baya a hango abin da ke ciki. A bi shi da fari, wanda rubutu zai zauna a kai. Sai injin fesa tawada ya rubuta wa kowane kati lambobinsa da alamominsa, wannan daban da wancan, takarda na gudu ba tsayawa. A bisansu a shafa wani ruwa garai-garai mai santsi, wanda ke kare rubutun, kuma shi ne ke sa rufin sama ya ɓantare cikin sauƙi in farce ko kwabo ya taɓa shi. Sa'an nan a zuba rufin kankarewa hawa-hawa, baƙi da fari ko ruwan azurfa, a ƙawata samansa da launuka da zane mai rikitarwa, domin in wani ya ɗaga rufin ya mayar a gane. A ƙarƙashin rufin akwai lambar tantancewa da ke ajiye a kwamfutar kamfani, ita ce hujja, ba abin da ido ya gani ba. A ƙarshe a yanka, a ninke, a ɗaure ƙunshi-ƙunshi, kuma a wurare da yawa ƙunshin ba ya aiki sai dillali ya buɗe shi a na'ura, don kada ɓarawo ya amfana.

Akwai hikima biyu da aka saka a cikin tsarin, kuma su ne ke riƙe mai saye. Ta farko, galibi kati ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan ci wani abu, amma mafi yawan cin nan bai wuce kuɗin katin ko ninkinsa ba, kuma an san mai shi ba zai sa shi aljihu ba, wani katin zai karɓa. Ta biyu ita ce "saura ƙiris": sai ka ga babban adadi ya fito sau biyu a inda ake neman uku, zuciya ta ce an kusa. Alhali katin da ya faɗi ya faɗi tun a maɗaba'a, kusa da nesa duk ɗaya ne a wurinsa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Wani zai ce, ai an taɓa samun wanda ya gano sirrin. Gaskiya ne. A 2003 wani masanin lissafin ma'adinai a birnin Toronto, Mohan Srivastava, ya lura cewa lambobin da ke bayyane a fuskar wani kati na lardin Ontario suna tona abin da ke ɓoye. Ya ware kati 20 ba tare da ya kankare ba, ya aika wa hukumar, aka tarar ya dace a 19. Nan da nan aka janye wasan daga kasuwa. Darasin da ke ciki shi ne, katin lissafi ne tsagwaronsa, kuma ranar da lissafin ya karkata ga mai saye, ranar ake rufe shi. Saboda haka mai cewa zai ba ka laya ko turare ko lambar mafarki don ka ci, cacar farko a kanka ya yi ta.

Mu dawo gida Kamaru. Manyanmu suna tuna tikitin LONACAM, kamfanin cacar gwamnati wanda daga baya ya durƙushe. Amma shekarun da suka sauya al'amura su ne 1993 da 1994. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. A wannan tsakanin ne rumfunan PMUC suka bayyana a bakin titunan Yawunde da Duwala, magidanta suka duƙufa nazarin dawakin da ke sukuwa a Vincennes da Longchamp, dawakin da ba su taɓa jin haniniyarsu ba. Caca takan yi ƙiba a shekarar da aljihu ya rame.

Shi kuwa kankarewa, ta ƙofar halal ya shigo mana. A shekarar 2000 MTN ya sayi sashen wayar hannu na Camtel, Mobilis kuma, wanda ya koma Orange a 2002, ya fara aiki. Kowa ya koyi sa kwabo ya kankare bayan katin waya, kuma babu laifi a ciki, domin abin da ka biya shi kake tararwa. Sai gasar marafan kwalba ta biyo baya, har a wajen 2005 aka riƙa ba da labarin direbobin tasi da ke karɓar marfin da ya ci kyauta a madadin kuɗin mota. Hannu ya saba, ido ya saba da leƙa ƙarƙashin rufi. Da aika kuɗi ta waya ya yaɗu, cacar ƙwallo da ake kira parifut ta bar rumfa ta shige aljihu. Hukuma ta yi doka a ranar 16 ga Yulin 2015 don tsara wasannin kuɗi da na sa'a, ta kuma haramta su ga ƙananan yara, amma doka tana iya tsayawa a ƙofar rumfa, ba ta iya shiga ɗakin da yaro ke kwance da waya da ƙarfe biyun dare. A wayar kuwa babu ko takarda. Kwamfuta ce ke yanke sakamako a daidai lokacin da aka cire kuɗi, gogar yatsan ado ne kawai.

Idan muka jera tarihin nan za mu ga hanya ɗaya ya bi. Balarabe yana ganin jaka da kibau. Mai tikiti ba ya ganin jaka, amma yana da mako guda na tunani. Mai kati an ɗauke masa makon, an bar masa tafiya zuwa rumfa da kunyar idon maƙwabta. Mai waya an ɗauke masa tafiyar da kunyar gaba ɗaya. A kowane mataki abin da ke tsakanin mutum da kuɗinsa ake ragewa.

Mu kuwa muna da abin da ya fi wannan tsufa, wato adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira tontin ko njangi. A cikinsa ma akan yi ƙuri'a don sanin wanda zai fara kwasa, amma mutum goma in sun zuba jaka goma-goma, jaka ɗari ce ke fita, kuma kowa zai kwashi tasa. Da shi iyayenmu mata suka aurar da 'ya'ya, da shi teloli da yawa a layukan nan suka sayi keken ɗinkinsu na farko. A ɗora shi a sikeli ɗaya da misalin 500 da 325 da muka buga a sama, a bar wa yaro ya yi lissafin da kansa.

Game da yaron tela, da muka karanta wa dattijo abin da muka samo, sai ya sa aka kira shi da maigidansa da kawunsa. Aka yanke cewa kawu zai biya kuɗin mutane kafin Sallah, yaro ya biya kawu da aikin hannunsa, kuma a saka shi a adashin shago da ɗan abin da yake samu. Maigidan ya so ya kore shi, dattijo ya ce, "Malam, in ka kore shi ka miƙa shi ga masu wayar. Bar shi a gaban keke, inda idonka ke kansa."

Muna roƙon iyaye da iyayen gida da malaman makarantun allo da Islamiyya su karanta wa yara wannan, su kuma yi musu tambayar da dattijo ya yi. Wanda ke da ƙarin bayani a kan zamanin LONACAM daga bakin manya, ƙofar zaure a buɗe take bayan sallar La'asar.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a cikin neman halal. Wassalamu alaikum.