Eksosom: Yadda “sharar” ƙwayoyin halitta ta zama abin fata ga masu toshewar jijiyoyin ƙafa

Mai karatu, wataƙila ka san wani mai ciwon suga ko mashayin taba da ke tsayawa a hanya saboda ciwon sha-raɓa, ko wanda gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa. Sau da yawa kitse ne ya toshe jijiyoyin da ke kai jini ƙafa. Sama da mutum miliyan 200 ke fama da wannan a duniya. Idan abin ya yi tsanani kuma tiyata ta gagara, sai dai a yanke ƙafar.

To, ko za a iya sa jiki ya tsiro da sabbin jijiyoyi? A 1996 Jeffrey Isner na Boston ya wallafa gwajin da ya yi da ƙwayar gado ta VEGF. A 2002 likitoci a Japan suka yi wa ƙafafun marasa lafiya allurar ƙwayoyin ɓargonsu. Amma murna ta koma ciki a 2011, da babban gwajin TAMARIS, shi ma na ƙwayar gado, ya kasa rage yanke ƙafa.

A nan eksosom ya shigo. Tun 1983 aka gano jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa suna fitar da wasu ’yan mitsi-mitsin jakunkuna. Rose Johnstone ta Kanada ce ta raɗa musu wannan suna a 1987, kuma a lokacin kallon kwandon shara ake musu. Sai a 2007 masana a Suwidin suka nuna ashe saƙon RNA suke kaiwa daga wata ƙwaya zuwa wata. Ka ga ke nan, ’yan aike ne!

Masu bincike sun lura ƙwayoyin da ake dasawa ba sa daɗewa a raye, abin da suke fitarwa ne ke aikin. A 2017 Susmita Sahoo da abokan aikinta a Amurka suka nuna eksosom na ƙwayoyin CD34 ya inganta gudanar jini a ƙafafun ɓeraye.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. A 2019 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ba ta amince da kowane maganin eksosom ba, bayan wasu a jihar Nebraska sun kwanta rashin lafiya sanadin irin wannan allura. Don haka in wani ya tallata maka ita, yi hattara. Abin da aka tabbatar shi ne barin taba, kula da suga da hawan jini, tattaki, da garzayawa asibiti da zarar rauni ya fito a ƙafa.