Tarihin taimakon gwamnati ga manoman Nijar

Yau za mu waiwayi baya, mu ga yadda gwamnati ta taimaki gonaki a ƙasarmu, da abin da ya sa taimakon ya ragu.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gujiya ce babban arzikin Nijar. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gujiya. A shekarar nan kuma aka kafa UNCC, mai kula da ƙungiyoyin manoma. A 1967 aka buɗe CNCA, wato asusun ba manoma bashi.

Sai fari ya zo. A 1973 da 1974 hatsi ya ƙi, dabbobi suka mutu. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gujiya. Da Seyni Kunce ya hau mulki a 1974, sai ya sa ciyar da ƙasa a gaba.

Ina aka samu kuɗi? Daga ƙarfen yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, daga baya ya yi daraja ƙwarai a kasuwar duniya. Da ribarsa, da gudummawar ƙasashen waje, aka buɗe manyan ayyukan gona. Akwai na Maraɗi. Akwai kuma na jihar Damagaram, wanda ake kira 3M, wato Mirya, Matamai da Magarya.

Ku lura da kyau. Ba kuɗi aka riƙa danƙa wa manomi a hannu ba. Gwamnati ce ke biyan wani kashi na kuɗin takin zamani, da maganin ƙwari, da garmar shanu, da amalanke. Manomi ya biya saura. In ba shi da kuɗi, sai ya ɗauka bashi, ya biya da kaka.

Nan aka samu cikas. Mai babbar gona da shanu shi ya fi cin moriya. Mai ƙaramar gona sau da yawa ko ragowar kuɗin ba ya iya biya. Wasu kuma suka ɗauki bashi tamkar kyauta. Wasu sun so biya, amma damina ta ƙi.

Daga 1980 darajar yuraniyom ta fara faɗuwa. Aljihun gwamnati ya yi sauƙi. A watan Nuwamba na 1982 aka yi babban taro a Damagaram, aka duba ayyukan karkara. Taron ya ga cewa dole manoma su riƙe al'amuransu da kansu. Farin 1984 ya ƙara dagula lissafi. Aka yi ta rage taimakon, asusun CNCA kuma ya durƙushe saboda bashin da bai dawo ba.

Ga abin da tarihin nan ya koya mana. Taimakon da ya dogara ga kasuwar waje, ranar da kasuwar ta faɗi, shi ma zai faɗi. Saboda haka duk lokacin da aka kawo taki ko iri a garinku, ku yi tambaya uku kafin ku sa hannu. Nawa gwamnati ta biya? Nawa ya rage a kaina? Yaushe zan biya? Ku karanta takardar da kanku, ku adana ta.

Sai wani mako. Allah ya ba mu damina mai albarka.