Hasken X daga leza da filasma: yadda ake ƙanƙantar da injin mai tsawon kilomita

Abin da mutanen Maraɗi suke kira “radiyo” idan an tura su ɗaukar hoton ƙashi ko na ƙirji, shi ne hasken X. Wilhelm Röntgen ya gano shi a birnin Würzburg na Jamus a 1895. Na'urar asibiti tana samar da shi ta hanyar harba ilektiron kan wani ƙarfe a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, kuma wannan dabarar ba ta sauya sosai ba cikin shekaru ɗari. Ta ishi wanda ya faɗi daga kabu-kabu a hanyar Tibiri, ko mai tarin fuka da aka kawo daga Jiratawa. Inda take gazawa shi ne nama mai laushi, kamar ƙaramin ƙari a mama ko a huhu, domin irin wannan nama bai cika tare hasken ba.

Haske mafi kaifi yana fitowa ne daga manyan injina da ake kira sinkurotiron, inda ilektiron ke zagaya da gudun da ya kusa kai na haske. Na birnin Grenoble a Faransa zagayensa mita 844 ne. Wani injin na daban a Hamburg, wanda ya fara aiki a 2017, tsawonsa kilomita 3.4. Jordan ta buɗe nata, SESAME, a shekarar. Afirka gaba ɗayanta ba ta da ko ɗaya, shi ya sa mai bincike daga nahiyar sai ya nemi gurbi da biza kafin ya auna samfurinsa.

A 1979 Toshiki Tajima da John Dawson, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, suka kawo wata shawara. Idan aka harba leza mai tsananin ƙarfi cikin iskar gas, gas ɗin yana zama filasma, wato ilektiron sun rabu da ƙwayoyinsu. Hasken yana ture su gefe, ya bar igiya a bayansa, kamar yadda kwale-kwale ke barin igiyar ruwa a tafkin Madarunfa. Wasu ilektiron suna faɗawa cikin igiyar, ita kuma ta kwashe su da gudu. Ƙarfin turawar ya ninka na injinan da aka saba kusan sau dubu, don haka aikin mita ɗari yana iya komawa na ƴan santimita.

Lezar da za ta iya hakan ba ta samu ba sai bayan 1985, lokacin da Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano yadda ake miƙe bugun leza, a ƙara masa ƙarfi, sannan a sake matse shi. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2018. A 2004 ƙungiyoyi uku, a Faransa da Ingila da Amurka, suka nuna cewa ana iya samun ilektiron masu ƙarfi kusan iri ɗaya ta wannan hanya. A shekarar ce kuma Antoine Rousse da abokan aikinsa na cibiyar LOA a Palaiseau suka nuna cewa ilektiron ɗin suna karkarwa hagu da dama a cikin igiyar, kuma karkarwar da kanta tana fitar da hasken X. A 2019 masana a Berkeley suka kai GeV 7.8 cikin santimita 20 kacal, alhali injin Grenoble yana aiki da GeV 6.

Amfanin wannan haske biyu ne. Yana fitowa daga ɗigon da bai wuce ƴan kaso cikin dubu na milimita ba, saboda haka yana iya nuna iyakar nama da nama ta yadda hasken ke ɗan karkacewa idan ya ratsa su. Bugunsa kuma gajere ne ƙwarai, har ana iya kama motsin ƙwayoyin zarra. An riga an gwada shi kan samfurin ƙashin ɗan Adam a Ingila.

Sai dai kalmar “injin kan tebur” da jaridun Turai ke so tana da ƙarin gishiri. Filasmar ce ƙarama. Lezar kan cika babban ɗaki, tana son sanyi tsayayye da wurin da ƙura ba ta shiga, abin da duk wanda ya san hunturun Maraɗi zai gane nauyinsa. Tana kuma son wutar da ba ta yankewa, a yankin da yawancin lantarkinsa ke zuwa ta layin Katsina. Ko a Turai, bugu ɗaya ba ya fitowa daidai da na bayansa, kuma manyan lezar ba sa harbi da yawa cikin daƙiƙa. Har yanzu kayan ɗakin bincike ne, ba a duba marasa lafiya da shi.

Ga Nijar, wadda cibiyarta ta farko ta gashin ciwon daji ta fara aiki a Yamai a 2021, abin da ya fi kusa shi ne horo. Ɗalibin kimiyyar lissafi da fizik a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zai iya shiga fannin ta ɓangaren kwaikwayon filasma a kwamfuta, wanda babban ɓangare ne na binciken, kuma wasu manhajojinsa, irin su Smilei da aka rubuta a Faransa, kyauta ake sauke su.