Danshi a bango: yadda ake tsare gini daga ruwa da tarkace tun lokacin aiki

Duk wanda ya zaga unguwannin Tuboro, Garwa ko Ngaundare a watan Satumba zai ga alama iri ɗaya a gidaje da shaguna da dama. Ƙasan bango ya yi duhu zuwa gwiwa, wani wurin har ƙugu, fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa ya fito a jikin filasta. Cikin ɗaki kuma warin funfuna ya kama tufafi da katifa. Masu gida kan ɗora laifin a kan damina, amma galibi tun ranar da aka ɗora bulon farko aka buɗe wa ruwan hanya, kuma gyaran bayan an gama gini ya fi rigakafin tsada nesa ba kusa ba.

Tuboro na cikin gundumar Mayo-Rey a yankin Arewa na Kamaru, kusa da iyakar Chadi da Afirka ta Tsakiya. Damina a can takan kai kusan wata shida, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000, ya fi na Garwa, ya kuma fi na Marwa sosai. Kuɗin auduga da na fatauci a kan hanyar Ngaundare zuwa Mundu, da kasuwar Mbaibum, sun sa ginin siminti na ƙaruwa a garin. Da yawa daga cikin masu ginin ’yan kasuwa ne da ke aiko da kuɗi daga nesa, ba sa tsaye a kan aikin, sai su tarar an rufe komai da filasta. Abin da ke bayan filastar shi ne batun wannan bayani.

Hanyoyin da ruwa ke shiga

Hanya ta farko daga ƙasa ce. Bulo da kwaɓin siminti cike suke da ’yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma suna jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Masu Faransanci na kiran wannan remontées capillaires. Ruwan ba ya cika wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ya sa tabon yake tsayawa a layi ɗaya. Yana tahowa da gishirin ƙasa, idan ya bushe gishirin ya daskare a cikin filasta ya tura ta waje. Wannan ne farin garin da ake gani.

Ta biyu ruwan sama ne da iska ke bugawa a jikin bango. A ƙasashenmu hadari mai ƙarfi daga gabas yake tasowa, kuma magina na gargajiya a Kano da Zariya da Damagaram sun daɗe da sanin bangon gabas ne ke shan duka. Akwai kuma fallatsin ruwan da ke zubowa daga kwano ya bugi ƙasa ya koma gindin bango. Ta uku daga sama ce: kan bango da aka bari a buɗe, ko indararo da ya tsage, ko rufin kankare da ruwa ke kwanciya a kai.

Bango mai ruɓi biyu

Maganin da Turawan ƙasashe masu yawan ruwa suka samo wa ruwan gefe shi ne su gina bango biyu a jere, na waje da na ciki, su bar rata a tsakani. A Ingila wannan gini ya zama ruwan dare tun shekarun 1920 da 1930. Faransawa na ce masa mur double, ratar kuma lame d’air. Faɗinta a al’ada santimita 5 ne. Dabarar mai sauƙi ce: an yarda bangon waje zai jiƙe har ruwa ya ratsa shi, amma idan ruwan ya iso ratar ba shi da abin takawa ya tsallaka, sai ya gangara ƙasa ya fita ta ’yan ƙofofin da aka bari a layin bulo na ƙasa. Ana ɗaure bangon biyu da ’yan ƙarafa marasa tsatsa, kimanin kowane santimita 90 a kwance da 45 a tsaye, kowane ƙarfe da ɗan lanƙwasa a tsakiya inda ɗigon ruwa zai faɗi kafin ya kai bangon ciki.

A arewacin Kamaru irin wannan bango bai yawaita ba, saboda ya fi cin bulo da kuɗin aiki. Amma yana da amfani na biyu da ya dace da mu. A Garwa zafi kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma bangon yamma da rana ta gasa tun azahar yakan ci gaba da fitar da zafi cikin ɗaki har tsakar dare. Rata mai iska tana rage wannan. Wanda ba zai iya ninka bangon gida duka ba zai iya ninka na gabas don ruwa da na yamma don rana. Ɗakin ajiyar hatsi, kantin magani da shagon siminti su ne suka fi cancanta.

Duk amfanin ratar yana kan kasancewarta fanko. Yayin da birkila ke danna bulo, kwaɓi yakan tsatso ta baya ya faɗa ciki. Wani ya maƙale a kan ƙarafan ɗauri, wani ya taru a ƙasa. Idan ya bushe ya zama gada, ruwa ya bi ta kai daga bangon waje zuwa na ciki, sai a ga tabon danshi zagaye-zagaye a tsakiyar bangon ɗaki, wurin da ba wanda zai yi zaton ruwa. Tarin da ke ƙasa kuwa yakan toshe ƙofofin fitar ruwa, ratar ta koma tafki. Ga kuma ɗabi’ar wasu leburori ta mayar da ratar juji: fasassun bulo, takardar buhun siminti, guntun katako, ledar ruwa, duk a jefa ciki. Takarda da katako abincin gara ne, kuma an ba ta hanya a ɓoye daga ƙasa har katakon rufi.

Hanyar kiyayewa ba ta buƙatar kayan waje. A sami siririn katako daidai faɗin ratar, a ɗaura masa igiya ko waya a bakin biyu, a kwantar da shi a kan ƙarafan ɗauri. Duk abin da ya zubo a kansa zai tsaya. Kafin a sa layin ƙarafa na gaba a jawo shi sama, a kakkaɓe, a mayar. Birkila ya riƙa share kwaɓin da ya tsatso ta baya da cokalinsa tun yana ɗanye. A layin farko a bar wasu bulo ba a kwaɓa su ba, musamman a kusurwa, domin kowace yamma a zare su a kwashe abin da ya faɗa ƙasa, sai ranar ƙarshe a kafa su. Ƙarafan ɗauri su kwanta daidai ko su ɗan karkata waje. Idan suka karkata ciki su da kansu za su kai ruwan ɗaki. Ƙofofin fitar ruwa a bar su kimanin kowane santimita 90, a sa musu ’yar raga, in ba haka ba zanzaro zai toshe su da laka, kunama da ƙadangare su sami gida. Saman ƙofa da taga ma a shimfiɗa abin tare ruwa mai gangara waje, don ruwan da ke saukowa cikin ratar kada ya tsaya a kan linta.

Mai gidan da ke nesa na iya neman a haska tocila cikin ratar a ɗauki hoto a aiko masa ta WhatsApp kafin a rufe kan bangon. Magini na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba.

Bulo mai rami

Abin da aka fi gini da shi a Tuboro da Garwa shi ne bulon siminti mai rami, wanda ake kira parpaing ko agglo, mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, kaurinsa 10 ko 15 ko 20. Wasu na ɗauka ramukan nan su ne ratar da aka yi bayani. Akwai bambanci babba: a cikin bulo, haƙarƙarin siminti ya haɗa fuskar waje da ta ciki, don haka ruwa na da hanyarsa ko da ramin fanko ne. Abin da ke tsare irin wannan bango shi ne ingancin bulon da filastar waje.

Bulon da aka ƙwange masa siminti, wanda kan farfashe idan an murza gefensa da yatsa, yana shan ruwa kamar soso. Haka wanda aka buga da yashi mai laka, ko aka shanya a rana ba a shayar da shi ba. Siminti na buƙatar danshi kafin ya yi ƙarfi: a riƙa zuba wa bulo ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a inuwa in da hali, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake aunawa. A lokacin hunturu, da iska ke busar da komai nan take, wannan ya fi zama dole. Simintin da ke fitowa daga masana’antar Cimencam ta Figil ko daga Duwala yakan yi doguwar tafiya kafin ya iso, don haka a taɓa buhu a ji. Wanda ya yi ƙulalai masu tauri ya riga ya sha danshi, ƙarfinsa ya ragu.

A harsashi ana cika ramukan bulo mai 20 da kankare da gangan, abin da magina ke kira agglos bourrés. Kankare ake nufi, da siminti da yashi da tsakuwa, a danna shi ya cika. Cika su da ƙasar da aka haƙo ko ɓaraguzai ha’inci ne, domin ƙasa na riƙe ruwa ta kuma ja shi sama. Daga saman harsashi kuwa ramukan a bar su fanko, ban da waɗanda aka zura wa rodi. Ginin da kuɗi ya yanke masa, aka bar shi ya ci damina ba rufi, ramukansa kan cika da ruwa daga sama, ruwan ya kwanta a ƙasan bango watanni. Idan za a dakata, a rufe kan bangon da leda mai kauri ko tsohon kwano a danne da dutse, ko kuma a daure a zuba kankaren ɗaurin sama kafin a tsaya.

Layin da ke yanke danshi

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi arha. Tsakanin harsashi da bango ana shimfiɗa abin da ruwa ba ya ratsawa: leda mai kauri, ko takardar kwalta, ko kwaɓi mai yawan siminti da aka zuba wa garin hana ruwa irin Sikalite. A Najeriya magina kan ce gini ya kai DPC, a Faransanci kuma arase étanche. Ƙa’idar Ingila da ta Faransa sun yi daidai a kan ya kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. A ganina wannan ya yi kaɗan a wurin da ruwa ke kwanciya a titi bayan kowane hadari; santimita 30 zuwa 45 ya fi kwanciyar hankali. Mutanen Garwa da suka ga ambaliyar Binuwai ta 2012 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan ɗaga daɓen gida. Ƙarƙashin daɓen ma a shimfiɗa leda a haɗa bakinta da wannan layi.

Kuskuren da ake yi daga baya shi ne a tara ƙasa ko a gina dakali ko a dasa fulawa a jikin bango har su haura layin. Filastar waje ma idan ta sauka ta taɓa ƙasa ba yanki, takan ja ruwa ta tsallake shi. Inda ƙasar baƙar laka ce, irin wadda Fulani ke kira karal, tana kumbura da damina ta tsage da rani, tana motsa harsashi har bango ya tsage ruwa ya sami ƙofa. Irin wannan fili sai da zurfin harsashi da shawarar injiniya.

Kwano ya fito waje aƙalla rabin mita, a yi daɓe mai gangara waje a zagaye gidan, ruwan wanka da na alwala kuma a ja shi da bututu nesa da gindin bango.

Ginin ƙasa

Ginin tubali da jar ƙasa na da nasa tsarin. Magina Hausawa na shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, kuma a sabunta yaɓe kafin damina. Waɗannan na tare ruwa amma suna barin bango ya bushe. Filastar siminti a kan bangon ƙasa takan yi akasin haka: ruwa ya shiga ta tsaga ko ta ƙasa, ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana filastar ta faɗo gaba ɗaya. Wanda zai yi ginin ƙasa ya fara da harsashin dutse ko bulo cikakke har sama da inda fallatsi ke kaiwa. Bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti, irin wanda hukumar MIPROMALO ta Kamaru ke tallatawa, shi ma wannan ƙa’ida ta hau kansa.

Idan danshin ya riga ya shiga

Batun ya wuce kyan fenti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 da ya danganta zama cikin gida mai danshi da funfuna da tari da asma da sauran ciwon numfashi. Masara da gyaɗa da aka jingina da jiƙaƙƙen bango kan yi funfuna mai guba. Rodin da ke cikin ginshiƙi kuma idan ya yi tsatsa yana kumbura ya fasa kankaren da ya rufe shi.

Fenti mai mai ko tayil a kan jiƙaƙƙen bango na ɓoye tabon ne kawai, ruwan ya ƙara hawa ya fito saman tayil ɗin. A fara gano hanyar ruwan. Tabo a ƙasa mai layi ɗaya daga ƙasa yake. Tabo a sama daga rufi ne. Wanda ke fitowa bayan hadari a bangon gabas kuwa filastar waje ce ta gaza. A janye ƙasar da ta taru a gindin bango, a gyara magudana, a fasa filastar da gishiri ya ci har kimanin rabin mita sama da tabon, a bar bangon tsirara ya sha iskar rani daga Disamba zuwa Maris. Sai ya bushe a sake filasta da yashi mai tsabta, a kammala kafin ruwan farko na Afrilu.