Daga Fiton Gwanja Zuwa Shingen Turai: Abin Da Na Ji A Zauren Kakana

Yau ina so mu ɗan waiwayi baya, saboda wata magana da ƙanena ya yi mini kwanan nan a Sabon Shagamu, inda aka haife mu. Cewa ya yi zai bar sana'ar wake da goro, domin wai hanya ta fi shi cin ribar. Ban ba shi amsa ba, amma sai zancen ya tuno mini da hirar kakanmu, Allah ya jiƙansa, wanda mahaifinsa bafatake ne na Gwanja.

A ƙarni na 19, goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga ƙasar Asante yake fitowa, a saye shi a kasuwar Salaga. Madugu zai ja ayarin jakuna da kanwa da tufafi da fatu, su ratsa Bargu, tafiyar watanni. Kowane gari aka sauka sai an kai wa sarki gaisuwa, kowane kogi sai an biya fito, ga kuma 'yan fashi. Shi goro ba ya son jira. Dole a riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓu ana sake ganyen fita. Kakanmu yakan ce bafatake ba ya lissafin riba sai ya hango ganuwar Kano.

Daga baya hanyar ta lalace. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892. A gida kuma, gwamnatin Lugga ta ɗora harajin ayari a 1903, ba a soke shi ba sai 1907. To me fatake suka yi? Sai suka koma ruwa. Aka riƙa loda goro a jirgi daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, kuma da dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya kafin ya shahara da gyaɗa. Manoman Yarabawa da suka ga kasuwa sai suka dasa irin goron Gwanja a Agege da Shagamu da kewaye, shi ya sa har gobe suke ce masa gbanja, don su bambanta shi da nasu na asali wanda muke kira hannunruwa. Ta haka aka sami zangunanmu. Sabon Ibadan, alal misali, a 1916 aka kafa shi. Kun ga ke nan toshewar wata hanya ce ta kawo iyayenmu nan.

Sai dai wani shingen ba a bakin hanya yake ba, a ofis yake. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa. Ita ke yanka farashi, ita kaɗai ke fitarwa waje, manomi kuwa ya karɓi ƙasa da abin da ake saye a kasuwar duniya. Dalar gyaɗa ta Kano da muke alfahari da ita, wani ɓangare nata buhuna ne da ke jiran taragon jirgi. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa abin. Ba a rushe hukumomin ba sai 1986.

Iyakoki ma sun sha cin mutanenmu. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, 'yan uwa da yawa suka dawo ba jari. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Wanda ke kai albasa ko barkono Kwatano da Akara ya san abin da ya gani a lokacin.

Shingen da ya fi damuna shi ne wanda da hannunmu a ciki. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sha samun ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙa'idarsu, kuma an yi ta tsawaita hanin shekara da shekaru. Mu faɗi gaskiya, wa bai san yadda ake zuba wa wake magani a sito don gudun ƙwaro ba? Turawa sun ƙi saye, mu kuma muna dafa wa 'ya'yanmu. Ga buhuna masu leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba magani, amma da yawanmu muna ganin tsadarsu.

Ƙanena ya lissafa mini inda kuɗinsa ke tafiya: man mota, kuɗin ƙungiya, rasit na ƙananan hukumomi, da masu tsare hanya waɗanda ba su da rasit ko ɗaya. Na ce masa wannan ai fito ne ya sauya riga. Kuma mun ga abin da ya biyo bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, da aka dakatar da kawo abinci Kudu na 'yan kwanaki. Tumatir ya yi tsada a Legas, a Arewa kuma ya ruɓe a hannun manomi. Ba wanda ya ci riba.

Abin da na fahimta shi ne, kakanninmu ba su taɓa samun hanya a share ba. Abin da ya riƙe su haɗin kai ne da amana: ayari ɗaya, madugu ɗaya, maigida ya tsaya wa baƙonsa ko da bashi. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu su zauna a kan abu biyu, wato yadda za mu adana kaya ba guba, da yadda za mu kai kukan harajin hanya da murya ɗaya. Ƙanena dai bai yanke shawara ba tukuna, ya ce sai bayan kaka. Wanda ya ji wani abu daga iyayensa game da fataucin Gwanja, don Allah ya sanar da ni. Allah ya sa mu dace, amin.